Shekarar da Ban Sauka a Gidan Yaya Ba

A gidanmu, kamar sauran gidajen unguwarmu ta kusa da Kusugu, mutum ba ya zuwa garin da yake da ɗan'uwa ya kwana a wani wuri. Haka muka taso muka tarar. In Kano za ka, gidan Yaya za ka. Ka fara sauka, ka gaisa, a ba ka ruwa, a nuna maka ɗaki, sannan ka fita sabgar da ta kawo ka. Wanda ya juya wannan tsari ya fara da sabgarsa, sai an yi masa magana. Wanda kuwa ya kwana a otal, ba a ma yi masa magana, sai dai a yi da shi a bayan idonsa.

Ni kaina na yi wa mutane faɗa a kan wannan. Sana'ata hatsi ce, gero da dawa da wake. Ina saye a kasuwannin ƙauye har zuwa Mai'aduwa da bakin Kongolam, ina sayarwa a cikin gari. Karatun boko a firamare na tsaya. Abin da na sani shi ne kowane abu da wurinsa da lokacinsa, kuma ban taɓa sayen buhu ba sai na zura hannu har ciki na ga abin da ke ƙasa. Otal kuwa, a saninmu, wuri ne na giya da kiɗa da matan banza. Ko ta ƙofarsa hanya ta bi da ni, sauri nake ƙarawa.

Yaya shi ne babbanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi kuma ya yi mini aure. Ya koma Kano tun da ƙuruciya, yana karantarwa a zauren gidansa a cikin birni. Gidan tsohon gini ne, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya a kusurwa. Da girma ya kama shi, ƙafafu suka yi nauyi, sai ya ɗauke buzunsa daga zaure ya mayar ƙarƙashin rumfar da ke ƙofar ɗakinsa, a cikin gida. A nan yake wuni. A nan manyan ɗalibansa da abokansa suke samunsa.

Ciwon mai ɗakina ya fara ne da ciwon kwiɓi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Muka yi ta zuwa asibiti a nan Daura, daga baya aka tura mu Kano. Likitan can ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ga kuma ƙwayar cuta da ta samu wurin zama. Ya tsara mana yadda za a yi. Za mu riƙa zuwa wata-wata, mu yi 'yan kwanaki, a yi mata allurai, a ɗauki hoto. Ya ce kan gaba da duk wannan, ta sha ruwa, ta sha da yawa, ta yi ta sha ko ba ta jin ƙishi. Na ce wannan ai shi ne mai sauƙi. Da muka dawo gida na sa aka ajiye mata randa ƙarama da moɗa a bakin ɗakinta, kuma tana sha, da idona nake gani.

Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk zuwan da muka yi Kano, da ƙarin ciwo take dawowa. A gida sai ta samu sauƙi. Mu je neman magani, sai jiki ya rikice. Ranar ɗaukar hoto a ce mararta babu ruwa, mu jira. Likita ya tambaye ta ko tana shan ruwa, ta sunkuyar da kai ta ce tana sha. Ni kuwa a ɗakin zaure nake kwana tare da samarin gidan, a masallaci nake alwala, ban san abin da ke faruwa a cikin gida ba. Faɗa kawai na yi mata a hanya, na ce umarnin likita ba abin wasa ba ne.

Ana saura kamar mako guda mu koma, na shigo gida bayan la'asar, ta kawo mini fura, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda ta saba in tana da magana.

"Malam," ta ce, "ni na haƙura da Kanon nan. In kwana ya ƙare, gara ya ƙare a ɗakina."

Na ajiye ludayi. Na bi abin daki-daki. Na tambaye ta ko wahalar mota ce, ta ce a'a. Ko allurar ce take tsoro, ta ce a'a. Ko wani ya yi mata abin da ba ta ji daɗi ba a gidan Yaya, ta ce wallahi babu, mutanen kirki ne, ba su rage ta da komai ba. Na ce to mene ne, ta ƙi faɗa. Tun da na aure ta ba ta taɓa cewa ba za ta yi abin da na ce ba, sai ranar. Na kuma san ciwon ƙoda ba a yi masa rabin magani. Na ga waɗanda suka bari ya yi nisa, na raka wasunsu makabarta.

Sai na aika Sandamu a kira mini 'yata ta biyu. A can take aure, tana koyarwa a firamare, tana da yaro da ya fara wayo da kuma jaririya a goye. Ita ce ta fi kusa da uwarta. Ta zo washegari, ta shige ɗaki, suka daɗe. Da ta fito ta same ni a zaure, ta durƙusa, idonta a ƙasa. Na ga maganar ta yi mata nauyi, na ce ta faɗa ko yaya take.

"Baba, Inna ba ta shan ruwa a can. Tun daga Kazaure take dainawa."

Sauran ta faɗe shi a gutsure. Banɗakin gidan yana fuskantar rumfar Yaya. Duk mai zuwa sai ya ratsa tsakar gida da buta a hannu, ya wuce ta gabansa da gaban baƙinsa, ya ja ƙofar langa-langa mai ƙara. Matan gidan sun saba. Ita kuwa, Yaya yayan mijinta ne, wanda ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurenta, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba. Mai shan ruwan da likita ya ce, sai ta yi wannan hanya sau da yawa a wuni. Shi ya sa ta zaɓi ƙishirwa. Takan jira sai ya tafi masallaci ta yi sauri ta je ta dawo.

Sai na fara jera hanyoyi a raina. Ta farko, in gaya wa Yaya ya koma zaure. Wannan ba ta yiwuwa, domin faɗar ita ce ainihin abin da take gudu, kuma ƙane ba ya tashin yayansa daga inda yake zaune a gidansa. Ta biyu, mu sauka gidan wani ɗan'uwa a Kano. Wannan ta fi muni, don kowa zai ce an yi faɗa. Ta uku, mu riƙa zuwa muna dawowa a rana ɗaya, amma allurai na safe ne a jere, kuma bayanta ba zai ɗauki hanyar ba. Da na kai ƙarshe ban samu komai ba, sai 'yar tawa ta ce akwai masauki na masu iyali, ana kamawa ta waya, ɗaki da banɗakinsa a ciki. Na ce ta kira shi da sunansa, otal ne. Ta ce e, Baba, otal ne. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da safe bayan na dawo daga masallaci na tarar da randar tana nan cike, mai ɗakina tana kwance ta juya fuska ga bango. Na kira 'yar na ce ta ɗauko wayar.

A bakin zaure muka zauna, inda sabis ya fi ƙarfi. Ta rubuta sunan garin da unguwar da ke kusa da asibitin, ta sa yawanmu, manya da yara, don ita za ta bi mu jinya da 'ya'yanta. Nan take hotuna suka cika wayar, tana ja da yatsa suna ta zuwa ba iyaka. Na ce ta tsaya. Ba haka ake ciniki ba. A fara fitar da abin da ba a so, sannan a duba abin da ya rage. Wanda aka nuna kwalabe a jere a bayan kantar sayar da abin sha, na ce a wuce. Wanda ke da tafkin wanka da mutane a tuɓe, a wuce. Wanda ke da ɗakin taron biki, shi ma a wuce, mara lafiya ba ta kwana kusa da kiɗa. Wanda duk ɗakunansa a bene suke, a wuce.

Waɗanda suka rage duk kamarsu ɗaya: farin gado, labule, fitila. Na ce mata wannan bakin buhu ne, kowa mai kyau yake zubawa a sama. Ta yi murmushi ta ce akwai ƙasan buhun ma. Ta ja zuwa ƙasa, inda mutanen da suka taɓa kwana suke rubuta abin da suka gani. Yawanci da Turanci ne, tana karantawa tana mayar mini da Hausa. Wani ya ce ruwa yana ɗaukewa da rana. Wani ya ce ɗakin da aka ba shi ba shi ne na hoton ba. Akwai wurin da kowa yabo kawai yake yi, da kalmomi iri ɗaya, na ce wannan 'yan gida ne suka rubuta, a wuce. Muka kai kan wani ƙarami mai katanga, inda wata mata ta ce ta yi jinyar mahaifinta a nan, an riƙa kawo musu ruwan zafi, yaranta sun yi wasa a tsakar wurin ba tare da fargabar mota ba. Amma ta ce karin kumallo yana makara, kuma ana kashe janareto da tsakar rana. Wannan na yarda da ita, don ta faɗi aibin tare da alherin.

Na ce a kira su, ni zan yi magana. Wani mutum ya ɗauka, mai natsuwa, Hausa a bakinsa. Bayan gaisuwa na ce ina da tambayoyi, kuma a jere zan yi su. Ko ana sayar da giya. Ya ce ba a yi. Ko ana barin mace da namiji su shiga ba tare da an san tsakaninsu ba. Ya ce suna tambaya. Ko akwai ɗaki biyu a ƙasa, manne da juna, ɗaya nawa, ɗaya na mata da yara. Ya ce akwai. Ko za a iya shigo da abinci daga waje. Ya ce ko tukunya muka kawo akwai inda za a ɗora. Na tambayi masallaci, ya ce a bakin ƙofa yake. Daga ƙarshe na tambayi banɗaki, ko ƙofarsa a cikin ɗakin take, ko akwai buta.

"Alhaji," ya ce, yana 'yar dariya, "in ɗaya ba ta isa ba sai a ƙara muku."

Na ce ban gama ba. Ya kunna wayarsa yadda zan gani, ya taka da ƙafarsa ya shiga ɗakin, ya buɗe banɗakin, ya murɗa famfo in ga ruwa yana zuba. 'Yata ta rufe baki don kunya, shi kuwa ya je ya yi. Na ga ruwan. Na ga ƙofar, ta katako ce, daga bakin gado taku kaɗan.

'Yar ta ce mu biya yanzu, don wayar tana nuna ɗakunan sun kusa ƙarewa. Na ce ko za su ƙare sai an bi tsari. Da farko mara lafiyar ta yarda. Sannan a nemi izinin mijinki. Sannan Yaya ya ji daga bakina. Biya shi ne na ƙarshe.

Mai ɗakina da ta ji, tashi zaune ta yi. Ta ce otal, da furfurarta, me za ta ce wa matan unguwa. 'Yar ba ta yi gardama ba, ta miƙa mata wayar kawai. Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe tana kallon ƙofar nan ta katako. Ta tambaya wa ke zama a bakinta, aka ce babu kowa. Ta sake kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Zan je. Amma kada Yaya ya ji dalili. In ya ji, na fasa, kuma ba zan ƙara iya haɗa ido da shi ba."

Na ce na ɗauki alkawari.

Irin wannan magana ba a yin ta a waya. Na shiga mota ni kaɗai na tafi Kano. Na sami Yaya a kan buzunsa, na zauna a gefen tabarma. Ranar ce na fara lura da yadda wurin yake. Daga inda nake zaune ina ganin ƙofar langa-langar sarai, har da igiyar da ake ɗaure ta. Na jira baƙinsa suka tashi, sannan na ce masa wannan zuwan ba a gida za mu sauka ba, na sami masauki kusa da asibiti.

Ya yi kamar bai ji ba, sai da na maimaita. Ya tambaya ko abincin gidansa ne bai yi mana ba. Na ce ba haka ba ne. Ko wani yaro ya yi mata rashin kunya, ya faɗa mini sunansa yanzu. Na ce babu. Ya ce zancen kusa da asibiti kuwa in bar shi, don daga gidansa ma ba wata tafiya ba ce. Ya ce ko dai hatsi ya yi albarka bana, gidan ƙasa ya yi mini kaɗan. Wannan ta shige ni.

"Kai da tun kana yaro ba ka ɗaga tsinke sai ka faɗi dalili," ya ce, "yau ka zo mini hannu biyu babu dalili."

"Akwai, Yaya. Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce matar da ya taka da ƙafarsa ya nemo mini, ita zan kai otal. Na ce ya yi haƙuri. Ya ɗauki carbinsa ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na san an sallame ni. Da na dawo Daura na ce wa 'yar ta biya. Ta tura ta waya, saƙo ya shigo cewa an ajiye mana ɗakunan.

Ranar da muka isa, mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska tun daga bakin ƙofa. Wurin shiru. Akwai bishiyar mangwaro a tsakiya da lilo a ƙarƙashinta, wata tsohuwa a keken marasa lafiya tana shan inuwa, jikokinta suna kewaye da ita. Jikana ya ƙwace hannunsa ya nufi lilon. Mutumin da muka yi waya da shi ya gane muryata, ya ce ga Alhaji mai tambayoyi, ya kai mu da kansa. Buta biyu na tarar a bakin banɗakin.

Mai ɗakina ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba. Can ta tashi, ta buɗe ƙofar katakon, ta leƙa, ta rufe, ta sake buɗewa. Ƙofar ba ta yi ƙara ba. Ta dawo ta zauna, ta cire mayafin, ta ce wa 'yarta ta ba ta ruwa. Ta shanye kofi, ta miƙa a ƙara. Ina tsaye a bakin ƙofa har ta sha na biyun, sannan na tafi ɗakina.

Washegari da azahar sai ga matar Yaya a keke mai ƙafa uku, da kwanuka a ɗaure cikin zane: tuwon shinkafa, miyar taushe, da kunu a jarka. Ta ce Yaya ya ce baƙonsa baƙonsa ne ko a ina ya kwana, a kai abinci, amma bai ba da saƙon gaisuwa ba. Ita dai mace ce mai barkwanci. Tun daga ƙofa take cewa, "Amarya, ashe sabon ɗaki aka yi miki da tsufa, shi ne ko ki gayyace mu jere." Na bar su na koma nawa ɗakin. Daga baya 'yata ta gaya mini cewa da matar ta shiga yin alwala ta fito, sai ta tsaya tana kallon robobin ruwan da aka shanye a gefen gado, tana kallon ƙofar. Wasan ya tsaya. Ta ce ita ta saba ne, shi ya sa ba ta lura ba, ta ce bari ta je ta yi wa mai gidanta bayani. Mai ɗakina ta riƙe mata hannu ta haɗa ta da Allah. Ta yi alkawari, ta kuma cika.

A wannan zuwan aka ɗauki hoto ba jira. Muka ci gaba da zuwa har watannin suka cika, kullum a wurin nan, kullum ɗakunan nan biyu in an samu. Zazzaɓin ya daina dawowa, daga baya likita ya sallame ta. A Daura an yi magana, kamar yadda na sani za a yi. Wani abokin cinikina ya riƙa kirana Alhajin otal a gaban mutane a kasuwa.

Duk zuwa, kafin in je ko'ina, sai na fara zuwa gaida Yaya. Yana amsawa, yana tambayar mai jiki, amma bai taɓa tambayar yadda muka kwana ba, bai kuma taɓa taka wurin ba. Abinci kuwa bai taɓa fashi ba. Hirar da muka saba yi bayan an watse, ta gonar gado da ta mutanen da, ita ce ta tsaya, ba ta dawo ba.

Bara ya kwanta ciwon ajali. Na je na zauna a gefensa. Ya kama hannuna ya ce zancen masaukin nan, ya yafe mini. Maganar tana bakina, amma mai ita ba ta sake ni ba. Na ce, "Na gode, Yaya." Sai bayan rasuwarsa ta ce in ina so in faɗa, yanzu in faɗa.

Zaman makoki a gidan muka yi shi, ita ma a nan ta kwana tare da mata. Wata safiya na shiga cikin gida ɗauko tabarmi don masu ta'aziyya sun yi yawa a waje. Buzun yana nan a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya naɗe shi. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da buta a hannu za ta banɗaki a kusurwa. Da ta zo daidai rumfar ta rage tafiya, ta sunkuyar da kai, ta mayar da butar ƙarƙashin mayafi, sannan ta wuce.